Ina Jinyar Mahaifiyata a Ingila: Ina da Ta Cewa a Tsarin Kulawar da Za a Yi Mata?

Tambaya: Mahaifiyata 'yar shekara 74 ta samu shanyewar ɓarin jiki. Gida ɗaya muke zaune a Ingila, kuma tana da takardar zama na dindindin. Ni nake yi mata komai, ga aiki ga yara uku. An ce ƙaramar hukuma za ta turo jami'a ta duba ta, kuma wai yanzu ana tsara kulawa ne bisa abin da mutum yake so. Ni da nake ɗawainiyar, ina da ta cewa? Me ya kamata in shirya?

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Kina da ta cewa, 'yar'uwa, kuma doka ce ta ba ki, ba alfarma ba ce. Sai dai maganarki ba za ta yi nauyi ba sai kin faɗe ta a fili kuma an rubuta ta a takarda. A nan ne gidajenmu suka fi yin asara.

Dokar da ke tafiyar da wannan sha'ani ita ce Care Act ta 2014, wadda ta fara aiki a watan Afrilun 2015. A Ingila kaɗai take aiki; Sikotilan da Wales da Ireland ta Arewa kowacce da tata. Abin da aka gaya miki na bin son mutum ya daɗe ana gina shi. Masu buƙata ta musamman ne suka yi fafutuka har aka yi dokar 1996 da ta ba ƙananan hukumomi damar danƙa wa mutum kuɗi ya nemo mai taimakonsa da kansa. A 2007 gwamnati ta mayar da wannan tunani manufar ƙasa, dokar 2014 kuma ta tabbatar da shi. Ma'anarsa a taƙaice: ba a ɗauko hidimar da ake da ita a cusa wa mutum, ana fara tambayarsa ne yadda yake son rayuwarsa ta kasance, sannan a ga kuɗin da za a ware da yadda za a kashe su. Sashe na farko na dokar ya wajabta a yi la'akari da mutuncinsa da ra'ayinsa da abin da ya yi imani da shi. Saboda haka alwala, abincin halal, mace ta yi wa mace wanka, zuwa masallaci ko wajen karatu, duk abubuwa ne da ke da gurbi a cikin tsarin, in dai an ambace su.

Ranar da jami'a za ta zo ita ce ranar da ta fi kowace muhimmanci, don haka bari mu daɗe a kanta.

Aikinta shi ne ta auna buƙatun Hajiya. Kyauta ake yin wannan awo, komai dukiyar mutum, kuma doka ta ce dole a sa mai jinya a ciki. Akwai fannoni goma da ake dubawa: cin abinci, tsaftar jiki, bayan gida, sa tufafin da suka dace, zirga-zirga cikin gida ba tare da haɗari ba, kula da gidan kansa, zumunci da dangi da abokan arziki, aiki ko karatu, fita zuwa wuraren da jama'a ke amfani da su, da kula da yaro in akwai shi a hannun mutum. Idan saboda rashin lafiya mutum ya gaza a biyu ko fiye, kuma hakan yana taɓa jin daɗin rayuwarsa sosai, to ya cancanci taimako. Ki lura da abin da ake nufi da gazawa, domin ta fi faɗin yadda muke ɗauka. Wanda ba ya iya yin abu sai da taimako ya gaza. Wanda yake iyawa amma da tsananin ciwo ko fargaba ya gaza. Haka wanda yake jefa kansa cikin haɗari in ya yi, ko yake ɗaukar lokaci mai tsawo fiye da ƙima.

Ga yadda abin ke lalacewa. Jami'a ta zauna, an kawo mata shayi, ɗaki a share, Hajiya ta sha wanka ta ɗaura kallabi tana ƙamshin turare. Sai ta tambaya, "Yaya kike yin wanka?" Hajiya ta ce, "Lafiya lau, alhamdulillahi." Ba ƙarya ta yi ba, haka aka tarbiyyantar da ita, ba a kai ƙarar jiki wurin baƙo. Amma jami'ar ba ta ga abin da ya faru da ƙarfe shida na safe ba: yadda kika sa kafaɗarki ƙarƙashin hammatarta kika ɗaga ta daga gado, kika ja ƙafar da ba ta motsi, kika zaunar da ita a kujerar roba a banɗaki, kika canza zanen gadon da ya jiƙe, duk kafin ki tashi yara. Abin da ta ji shi za ta rubuta.

Maganin wannan shi ne ki ɗauki littafi tun yanzu, ki rubuta mako guda cur: kowane aiki, ƙarfe nawa, minti nawa ya ci, sau nawa kika tashi da dare. Ki sa ranakun da jikinta ya fi tsanani, domin dole ne a yi la'akari da ciwon da ke hawa da sauka. Ki zauna da Hajiya kafin ranar, cikin ladabi ki fahimtar da ita cewa faɗin gaskiyar halin da take ciki ba rashin godiyar Allah ba ne, kamar gaya wa likita inda ke ciwo ne. In Turancinta bai kai ba, ki nemi tafinta mai jin Hausa tun lokacin da ake sa rana. Kada jika ya yi tafinta, domin babu kakar da za ta yi maganar fitsari da bayan gida ta bakin jikanta. Ke ma gara kada ki zama tafintar, don ki samu sukunin yin taki maganar.

Yanzu ga ƙashin bayan al'amarin. Lokacin yanke hukuncin ko Hajiya ta cancanta, ƙa'ida ta ce a auna ta tamkar babu kowa a kanta, ba a lissafa taimakon da kike bayarwa. Amma idan aka zo rubuta tsarin kulawa, ƙaramar hukuma ba ta da wajibcin ɗaukar nauyin duk wata buƙata da mai jinya yake biya, matuƙar yana so kuma yana iyawa. Waɗannan kalmomi biyu, so da iyawa, su ne makullin. Za a tambaye ki, "Za ki ci gaba da yi mata wanka?" Kunya da tsoron bakin dangi za su sa ki ce, "Ai uwata ce, dole na yi." Da zarar kin faɗi haka, an cire wanka daga lissafin kuɗi. Haka za a bi abinci da dare da kai ta asibiti, har a tashi da awa biyu ko uku a mako.

A dokar Ingila babu abin da ya tilasta wa ɗa ko 'ya jinyar iyaye. Mu a wurinmu haƙƙi ne na addini da tarbiyya, kuma babu mai cewa ki sake shi. Amma jinyar shanyewar jiki aikin shekaru ne, kuma a gida Najeriya ko Nijar da mutum biyar ko shida ne suke karɓa-karɓa a kanta, ga kishiyoyi ga surukai ga maƙwabta. A nan ke kaɗai ce. In bayanki ya ƙage ko aikinki ya tafi, Hajiya ce farkon wadda za ta ji a jikinta. Don haka ki raba aikin gida biyu tun kafin a zo, ki faɗa dalla-dalla: "Zan riƙa dafa mata abinci, zan zauna da ita da yamma da ƙarshen mako. Ba zan iya ɗaga ta da safe ba, ba zan iya kasancewa a gida daga takwas zuwa huɗu ranakun aiki ba." Ki tabbatar an rubuta shi haka, ki kuma nemi kwafin rahoton awon, domin haƙƙinku ne a ba ku.

Bayan awon Hajiya akwai naki na kanki, wanda sashe na 10 na dokar ya tanada. Ba a ƙayyade yawan awoyin da sai kin yi kafin ki cancanta ba, kuma ko Hajiya ta ƙi a auna ta, ke ana iya auna ki. Ana duba lafiyarki, barcinki, yaranki, da ko kina aiki ko karatu ko kina son komawa. Ki nemi a yi shi ke kaɗai, ba a gaban Hajiya ba, don babu 'yar da za ta ce "na gaji" uwarta na ji. Abin da ake samu ya bambanta daga gari zuwa gari: wani wuri ɗan kuɗi na lokaci guda, wani wuri horo kan yadda ake ɗaga majinyaci, wani wuri mai zuwa ya zauna da ita ki samu hutu. Ki sani cewa in an turo wani ya maye gurbinki, ana ɗaukar hidimar a matsayin ta Hajiya, in akwai biya daga kuɗinta za a lissafa. Ki kuma faɗi gaskiya idan yaranki suna taya jinya, domin su ma doka ta ce a duba halin da suke ciki.

Akwai wata magana da ba ta da daɗin ji amma dole a faɗe ta. Tsarin na Hajiya ne, ba naki ba, ba kuma na yayanku namiji ba ko da shi ne babba. Dokar 2005 kan ikon yanke shawara ta ce a ɗauka kowane baligi yana da hankalin yanke wa kansa hukunci har sai an tabbatar da akasin haka, kuma zaɓin da wasu ke gani ba na hikima ba ne ba ya nuna rashin hankali. Nauyin harshe bayan shanyewar jiki ba gushewar hankali ba ne. In Hajiya ta ce ba ta son baƙuwa ta taɓa jikinta, ba za a tilasta mata ba. Amma ƙin da ta yi bai mayar da aikin wajibi a kanki ba, kuma wannan tattaunawa ce da za ku yi a cikin gida, wataƙila da wani babba da take jin maganarsa. Kasancewarki 'yarta ma bai ba ki ikon sa hannu a madadinta ba. Abin da ke ba da wannan iko shi ne takardar wakilci ta dindindin, iri biyu, ɗaya ta dukiya ɗaya ta lafiya da walwala, kuma sai tana cikin hankalinta za ta iya yin su, kuma ba sa aiki sai an yi musu rajista. Ku yi su yanzu. In aka bari har hankali ya gushe, sai an bi ta kotu, da tsada da ɓata lokaci. Ko babu takardar, masu yanke shawara a kan wanda ya rasa iko dole su tuntuɓi mai jinyarsa, amma tuntuɓa daban, iko daban.

Sai maganar kuɗi. Kulawar ƙaramar hukuma ba kamar asibitin NHS, wato hukumar lafiya ta ƙasa, ba ce, ana duba ƙarfin mutum. Dukiyar Hajiya kaɗai ake dubawa, ba taki ko ta mijinki ba. Wanda ajiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa. Ƙasa da fam 14,250 ba a lissafa ajiyar, sai kuɗin shiga irin su fansho. Tsakanin biyun ana ɗora fam ɗaya a mako kan kowane fam 250. Gidan da take zaune ba ya shiga lissafi muddin a gida ake kula da ita, amma gida ko fili da take da shi da sunanta a wani wuri, ko a Kano ne ko Maraɗi, dukiya ce da ake tambaya, kuma ɓoye ta ko rabar da kuɗi don kauce wa biya na iya sa a lissafa su tamkar suna nan. Ki tara rasit na kuɗin da ciwon ya jawo, kamar ƙarin ɗumama ɗaki da yawan wanki, domin ana rage su daga abin da za ta biya. Wasu abubuwa kyauta ne ga kowa: taimakon farfaɗowa bayan sallama daga asibiti har zuwa mako shida, kayan taimako irin su kujerar wanka, da ƙananan gyare-gyare da ba su wuce fam 1,000 ba, kamar ƙarfen dafawa a bango. Babban gyara, irin mayar da banɗaki mai shiga da keke, akwai tallafinsa daban da ke kaiwa fam 30,000. In kuma buƙatunta na jinya sun yi nauyi ƙwarai, ki nemi a gwada ta a shirin NHS na ci gaba da kulawa, wanda shi ba a duba dukiya.

Daga nan za a faɗi kason da aka ware mata a mako. Adadin farko ƙiyasi ne kawai, kada ki ɗauke shi a matsayin magana ta ƙare. Doka ta ce kason ya zama ya isa biyan buƙatun da aka amince da su, don haka ki nemi a nuna miki lissafin: awa nawa, a kan nawa kowace awa. Ana iya barin ƙaramar hukuma ta shirya komai, ko a ajiye kuɗin wurin wani kamfanin kulawa yana kashewa bisa umarninku, ko a ba ku kuɗin kai tsaye, ko a gauraya.

Karɓar kuɗi kai tsaye shi ya fi jan hankalin mutanenmu, kuma da dalili. Da shi za ku iya ɗaukar mace mai jin Hausa, wadda ta san yadda ake taimaka wa tsohuwa ta yi alwala, ta iya dama kunu, ta zo lokacin da ya dace da sallah maimakon lokacin da jadawalin kamfani ya ga dama. Ga tsohuwar da ciwo ya taɓa wa harshe, wadda sau da yawa yaren da ta tashi da shi ne ya fi saura a bakinta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ki shiga da ido buɗe. Duk wanda ya ɗauki mai taimako ya zama mai ba da aiki a idon doka. Sai an duba takardar izinin aikinta, an yi rajista da hukumar haraji, an yanki inshorar ma'aikaci, an rubuta yarjejeniya, an biya aƙalla mafi ƙarancin albashi, an ba da hutun mako 5.6 a shekara da albashi, da fansho in ta cika sharuɗɗa. Yana da kyau a binciki tarihinta ta hukumar da ke tantance masu laifi, ko da 'yar garinku ce. Misali, daga Afrilun 2025 zuwa Maris na 2026 mafi ƙarancin albashi ga mai shekara 21 zuwa sama fam 12.21 ne a awa. Awa 14 a mako ya kama fam 170.94, kuɗin hutu ya ƙara kusan fam 21, ban da inshora da kuɗin masu lissafin albashi da wadda za ta riƙe aikin in ta yi rashin lafiya. In kason bai ɗauki waɗannan ba, ki koma a gyara kafin ki sa hannu.

Kurakurai uku ne suka fi jefa iyalai cikin matsala a nan. Biyan mutum a hannu ba takarda. Haɗa kuɗin da na cefane, alhali asusu ko kati na daban ake so, kuma za a bincika cikin wata shida na farko sannan duk shekara, a karɓe abin da aka kashe ba bisa tsari ba. Na uku shi ne zaton cewa za ki iya biyan kanki. A ƙa'ida ba a biyan dangi na kusa da ke zaune gida ɗaya da majinyaci, sai ƙaramar hukuma ta gamsu cewa hakan ya zama dole, kuma ki samu amincewar a rubuce. Ƙanwa ko 'yar'uwa da ke zaune a wani gida ana iya ɗaukarta.

Naki tallafin shi ne Carer's Allowance, wato alawus na mai jinya, kuma daga ma'aikatar fansho yake fitowa, ba ƙaramar hukuma ba. A shekarar 2025 zuwa 2026 fam 83.30 ne a mako, ga wanda ke jinya awa 35 ko fiye, wanda abin da yake samu a aiki bai wuce fam 196 a mako ba bayan an cire haraji da wasu kuɗaɗe, kuma majinyacin yana karɓar tallafi irin Attendance Allowance, wanda ake ba tsofaffin da ke buƙatar kulawa. Adadin yana canzawa duk Afrilu. Haɗarinsa shi ne in kika haura iyakar ko da fam ɗaya, kuɗin makon gaba ɗaya ya tafi, kuma mutane da yawa sun tsinci kansu da bashin dubban fam saboda ƙarin awoyin da ba su sanar ba. Yana iya rage wani ƙarin tallafi da Hajiya ke samu, don haka a yi lissafin gidan duka tukuna. Idan kuma takardar zamanki ta hana ki cin kuɗin gwamnati, kada ki nema, domin yana cikin jerin waɗanda aka hana, alhali awon mai jinya ba ya ciki. A wurin aiki, tun Afrilun 2024 kina da haƙƙin hutun jinya na mako guda a shekara ba albashi, da haƙƙin neman sassaucin lokutan aiki tun ranar da kika fara.

Kafin a rufe tsarin, ki sa a rubuta abin da za a yi ranar da kika kwanta ciwo ko rasuwa ta kira ki gida ba shiri: wa za a kira, wa ke da makulli, ina jerin magunguna. In tafiya ce ta niyya, kamar Hajji ko ganin gida, ki sanar tun da wuri. Tallafinki na iya ci gaba a hutun da bai wuce mako 4 cikin mako 26 ba, na Hajiya kuma har mako 13 in ita ce ta fita ƙasar, amma kuɗin kulawa na kai tsaye kada a kashe su a waje sai da izini.

Ana sa ran a waiwayi sabon tsari bayan mako shida zuwa takwas, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma kina iya neman a sake dubawa duk lokacin da hali ya canza, naki ko nata. Ba a rage awoyi haka kawai ba tare da an sake auna buƙata ba. Idan ba ki gamsu ba, ki rubuta koke ga ƙaramar hukumar, ki ambaci buƙatar da aka amince da ita da kuma inda tsarin ya gaza biyanta, ki haɗa da littafin nan naki na mako guda. In amsarsu ba ta warware ba, sai ki kai ga ofishin mai sauraron koke kan ƙananan hukumomi da kula da jama'a, kyauta ne, amma cikin wata 12 daga lokacin da kika san da matsalar. Cibiyar masu jinya ta yankinku ko ƙungiyar Carers UK za su iya taya ki tsara takardar, kuma duk wayar da kika yi da jami'a, ki bi ta da gajeren saƙon imel mai ɗauke da kwanan wata da abin da kuka tsayar.